Ku Tambayi Likita: Idan Jini Ya Sauka, Yaushe Ake Matse Jijiya?

Tun da zafin bazara ya kankama a Sakkwato, wasiƙun da ke zuwa wannan shafi suka karkata zuwa ga saukar jini, alhali a sauran watanni hawan jini ne ke cika mana akwati. Na ware guda biyar da suka haɗu a kan magana ɗaya, wato magungunan da likitoci ke bayarwa domin su matse jijiyoyin jini su ɗaga awon da ya faɗi. Kamar kullum, na cire sunayen masu tambaya, na kuma taƙaita wasiƙun da suka yi tsawo.

Tambaya daga wani malamin makaranta, Mabera

Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 71, kuma ya kai shekara 18 yana fama da ciwon suga. Tun bara, duk lokacin da ya miƙe tsaye sai jiri ya kwashe shi, idanunsa su yi duhu, har ya faɗi sau biyu, ɗaya a ƙofar masallaci da Asuba. Likitan da ke duba shi ya auna jininsa yana kwance ya samu 135/80, da ya tsaya ya koma 95/60, sai ya rubuta masa wani magani mai suna midodirin, ya ce kada ya sha na ƙarshe bayan ƙarfe 6 na yamma. Ni kuma da na auna shi da dare da na'urar gida, yana kwance, na ga 175/95. Yaya za a ba mai hawan jini maganin ƙara hawan jini? Ko mu daina ba shi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri bisa wannan awo na dare, domin shi ne abin da likitansa ya fi bukatar ji.

Zan fara da misalin da zai yi mana amfani har ƙarshen shafin nan. Idan ka je fadamar Kwalkwalawa da rani ka tsaya wurin masu ban ruwan albasa, za ka ga ƙarfin ruwan da ke isa ƙarshen fangali ya dogara ne a kan lafiyar injin, da yawan ruwan da ke cikin rijiya, da kuma faɗin tiyo. Idan ruwan ya yi rauni, yaron da ke riƙe da tiyo yakan danne bakinsa da babban yatsa, sai ruwan ya yi tsartuwa ya kai nesa, ko da yake ko ɗigo ɗaya bai ƙaru ba. Zuciya ita ce injin, jini shi ne ruwan, jijiyoyin jini kuwa su ne tiyo. Magungunan da muke magana a kansu aikin yatsan yaron nan suke yi, ba sa gyara injin, ba sa kuma ƙara ruwa a rijiya.

Idan mai lafiya ya miƙe tsaye, jinin da ya kai rabin lita zuwa lita ɗaya yana gangarawa ƙafafunsa da cikinsa. Akwai wasu ƙananan ma'aunai a jijiyar wuya da babbar jijiyar da ta fito daga zuciya waɗanda ke jin raguwar nan take, su aika wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci jijiyoyin jini su tsuke, zuciya ta ɗan ƙara sauri, duk a cikin daƙiƙu kaɗan ba tare da mutum ya sani ba. Ciwon suga da ya daɗe yana cinye jijiyoyin da ke kai wannan saƙo, kamar yadda yake kashe jin tafin ƙafa, kuma haka ma ciwon karkarwa na Fakinson ke yi. Ma'aunin da likitoci suka amince da shi shi ne, idan lambar sama ta ragu da 20 ko lambar ƙasa ta ragu da 10 cikin minti 3 da tsayuwa, to akwai wannan lalura. Ta Baba ta ragu da 40, saboda haka likitansa bai yi kuskuren ganewa ba.

Midodirin, wanda za ka ga an rubuta midodrine a jikin kwali, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi domin wannan lalura a shekarar 1996. Idan an sha, jiki yana juya shi zuwa wani sinadari da ke kama bangon ƙananan jijiyoyin jini ya tsuke su. Ƙarfinsa yana kai ƙololuwa bayan kamar awa ɗaya, yana kuma ɗaukar awa 2 zuwa 3 kafin ya fara sakewa, shi ya sa ake shan sa sau uku a yini, ana farawa da miligiram 2.5, a hau a hankali har zuwa 10 idan an ga bukata. A shekarar 2010 hukumar ta yi yunƙurin janye shi daga kasuwa saboda ba a kammala binciken da ta nema ba, amma marasa lafiya da likitoci suka yi ca, ta janye maganar. Na kawo wannan ne domin ka san cewa magani ne mai amfani ga wanda ya dace da shi, amma ba a taɓa ɗaukar sa abin wasa ba.

Yanzu ga tambayarka. Maganin bai san ko Baba a tsaye yake ko a kwance ba. Idan yana tsaye, matsewar tana hana jini taruwa a ƙafa, ta tura shi sama zuwa ƙwaƙwalwa. Idan ya kwanta, jinin da ya gangara ya riga ya dawo da kansa, ga kuma jijiyoyi a tsuke, sai awo ya hau. Wannan shi ne gargaɗi mafi girma da ke rubuce a takardar maganin, kuma dalilinsa ne aka ce a bar aƙalla awa 4 tsakanin ƙwayar ƙarshe da kwanciya. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin masu irin lalurar Baba jininsu yana hawa idan sun kwanta ko da ba su sha komai ba, domin jijiyoyin da suka kasa ɗaga awo su ne dai suka kasa sauke shi. Hawan daren kuma yana sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa a fitsari har gari ya waye, sai mutum ya tashi da Asuba rijiyarsa ta yi ƙasa. Ba mamaki da Asuba ya faɗi.

Akwai kuma wani abu da ya shafi rayuwarmu da ya kamata a yi la'akari da shi. A nan Sakkwato, a watannin da zafi ke haura digiri 40, babu dattijon da ba ya ƙailula bayan Azahar. Idan Baba ya sha ƙwayar rana da ƙarfe 1, ya miƙe a tabarma da ƙarfe 2, ya kwanta daidai lokacin da maganin ya fi ƙarfi. Sai ku tanadar masa kujera mai jingina ya huta a kishingiɗe, ko ku gaya wa likita ya gyara lokutan shan. Haka idan azumi ya zo, shan ƙwayar da sahur sannan a koma barci bayan Asuba abu ne mai haɗari, kuma wanda ke da ciwon suga da irin wannan jiri ya kamata ya zauna da likitansa tun kafin a ga wata a kan ko azumin ma zai yiwu gare shi.

Kada ku daina ba shi da kanku, kada kuma ku ƙara. Ku yi kwana uku kuna aunawa yana kwance, sannan bayan ya yi minti 1 da minti 3 a tsaye, safe da dare, ku rubuta lokaci da lokacin da ya sha ƙwaya, ku kai wa likitan cikin makon nan. Idan lambar sama ta kai 180 yana kwance, ko ya yi kukan ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko ƙirji ya yi nauyi, ko yana jin bugun zuciya a kunnensa, kada ya sha ƙwaya ta gaba, ku kai shi asibiti a ranar. Ku ɗaga gefen kan gadonsa da bulo ko katako kamar santimita 10 zuwa 20, domin tara matashin kai wuya kawai yake lanƙwasawa.

Tashin tsikar jiki da ƙaiƙayin fatar kai sun zama ruwan dare ga masu shan midodirin, kuma ba abin tsoro ba ne. Wanda nake so ka sa wa ido shi ne fitsari, domin maganin yana tsuke wuyan mafitsara, kuma namiji mai shekarun Baba sau da yawa yana da kumburin furostet, wato gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, tun da farko. Idan fitsari ya fara fita da ƙyar, a faɗa wa likita. Ka kuma zazzage ledar magungunansa gaba ɗaya a teburin likitan, domin ƙwayar da ake ba masu furostet irin su tamsulosin, da ƙwayar sa fitsari, da amitiriftilin da ake ba masu suga saboda zogin ƙafa, da magungunan ƙarfin maza, duk suna sauke jini, kuma na sha ganin wanda cire ƙwaya ɗaya ya wadatar da shi. Maganin mura mai buɗe hanci kuwa shi ma matse jijiya yake yi, saboda haka kada a saya masa a kemis a haɗa da wannan.

Sauran dabarun ba sa cin kuɗi. Ya zauna a bakin gado minti biyu yana motsa ƙafafu kafin ya miƙe, ya sha ruwa kamar rabin lita a tashi ɗaya kafin ya fita masallaci, domin hakan yana ɗaga awo cikin mintuna kaɗan, ya rage cin tuwo mai yawa a zama ɗaya, ya guji tsayuwa a rana. Maganar ƙara gishiri kuwa sai da izinin likita, saboda ƙodar mai suga. Idan tashi daga sujada yana kawo masa duhun ido, malamai sun san rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya na yin salla a zaune. Abin da muke nema shi ne ya je masallaci ya dawo a kan ƙafafunsa, ko da na'ura ba ta taɓa nuna 120/80 ba.

Tambaya daga wata baiwar Allah, Runjin Sambo

Likita, maigidana mai shekara 46 ya yi zazzaɓi na mako biyu, daga baya aka ce hanjinsa ya huje, aka yi masa tiyata. Yau kwana uku yana ɗakin kulawa ta musamman. An sa wani sirinji a cikin na'ura da ke tura magani ta jijiyar wuyansa, an ce shi ke riƙe da jininsa. Yatsunsa sun yi sanyi ƙalau. Yayansa yana cewa tunda jini ne ya yi ƙasa a ƙara masa jini kawai, ko kuma mu ɗauke shi zuwa wani gari. Don Allah a yi mini bayani, domin ina jin nauyin tambayar likitocin.

Amsa

Hajiya, Allah ya tashi kafaɗarsa, ya ba ki juriya. Ban ga takardunsa ba, amma abin da kika siffanta ya yi kama da halin da ƙwayoyin cuta daga hanji suka bazu, jiki ya tayar da yaƙi mai tsanani har jijiyoyin jini suka saki gaba ɗaya suka kuma fara yoyo. A misalinmu na fadama, tiyo ne ya buɗe ya yi faɗi, ga kuma huji ko'ina a jikinsa. Matakin farko shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya, da ƙarin ruwa wanda ƙa'idar da aka fi bi ta sa kimanin mililita 30 ga kowane kilo na nauyin mutum a awanni 3 na farko, wato wajen lita 2 ga mai kilo 70, da kuma toshe inda cutar ke fitowa, wanda shi ne tiyatar da aka yi. Idan duk da haka awo bai tashi ba, sai a kawo mai matse jijiya, kuma wanda ake fara ɗauka shi ne noradirenalin.

Wannan magani ba baƙo ba ne a jiki. Shi ne sinadarin da jijiyoyinmu ke fitarwa duk lokacin da muka miƙe tsaye, kuma wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Ulf von Euler, shi ya gano hakan a shekarar 1946, aikin da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1970. A da likitoci da yawa sun fi son wani magani mai suna dofamin, har wani babban bincike da aka yi a Turai a kan marasa lafiya 1,679, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna cewa rikicewar bugun zuciya ta kusan ninkawa ga waɗanda aka ba dofamin. Tun daga nan noradirenalin ya zama na gaba, kuma idan shi kaɗai bai isa ba akan ƙara masa wani mai matse jijiya, basofiresin.

Dalilin na'urar shi ne, jiki yana rushe maganin cikin minti 2 zuwa 3, saboda haka ba allura ce da za a yi da safe a jira yamma ba. Da za ki tsaya kusa da gadon da dare, za ki ga ma'aikaciyar jinya ta haɗa sabon sirinji, ta rubuta suna da lokaci a jikinsa, ta ajiye shi tun tsohon bai ƙare ba. Idan lokacin canji ya yi, idonta yana kan allon da ke saman gadon, hannunta yana kan na'ura, ba ta amsa maganar kowa. Ko lanƙwashewar siririn bututun a ƙarƙashin kafaɗar marar lafiya ta isa ta sa lambar da ke 68 ta gangara zuwa 50 kafin a gama karanta Fatiha uku. Shi ya sa suke rugawa idan na'urar ta yi ƙara, shi ya sa kuma ake duba batirinta kafin a ɗauke wuta. An sa shi ta babbar jijiyar wuya ne saboda idan ya tsiyaya a ƙarƙashin fatar hannu yana iya tsuke jijiyoyin wurin har nama ya mutu, ko da yake a halin gaggawa ana iya farawa ta jijiya mai kauri a hannu na ɗan lokaci ana dubawa.

Lambar da suke kallo ita ce matsakaicin matsin jini, wanda ake so ya kai 65. Mai awon 90/50, alal misali, matsakaicinsa wajen 63 ne. Ba a tura maganin har awo ya koma na mai lafiya, domin kowace matsewa tana da farashi: jinin da aka tattara wa zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙoda daga fata da yatsu da hanji aka karɓo shi. Sanyin yatsun da kika ji daga nan yake, haɗe da ita kanta cutar. Idan kika ga sun fara yin baƙi ko shuɗi, ki nuna wa ma'aikatan nan take.

Ki gaya wa yayan nasa, cikin ladabi, cewa saukar jini daban, ƙarancin jini daban, ko da yake a bakinmu duka biyun "jini ya yi ƙasa" muke cewa. Ana auna yawan jinin maigidanki a ɗakin gwaji, kuma ga irin waɗannan marasa lafiya akan ƙara jini ne idan himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ya gangara wajen 7, ko idan akwai zubar jini. Ƙarin jinin da ba a bukata ba zai gyara jijiyar da ta saki ba. Maganar ɗauke shi kuwa, ra'ayina shi ne kada a yi, sai idan likitocinsa ne suka ce akwai abin da yake bukata wanda babu a wurinsu, kuma su suka shirya motar asibiti mai na'ura da iskar numfashi da ma'aikaci. Mutumin da minti uku ba tare da magani ba za su iya kayar da shi bai kamata a sa shi a bayan mota a kama hanyar Gusau ba.

Ki daina jin nauyin tambaya, haƙƙinki ne. Kowace safiya ki tambayi abu biyu: adadin maganin raguwa yake yi ko ƙaruwa, kuma fitsari nawa ya yi jiya. Idan ana rage maganin awo bai faɗi ba, fitsari kuma yana taruwa a leda, to jiki ya fara karɓar aikinsa.

Tambaya daga wata mai juna biyu, Arkilla

A haihuwata ta farko tiyata aka yi mini da allurar kashin baya. Ana gama allurar na ji tashin zuciya da jiri kamar zan tafi, na ji likitan ya ce jini ya faɗi, ya yi mini wata allura a robar ƙarin ruwa, sai na dawo daidai. Yanzu ina da ciki wata 7 kuma an ce tiyata za a sake yi. Shin ina da ciwon saukar jini ne? Allurar ba za ta cutar da jariri ba?

Amsa

'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Abin da ya same ki yana samun mata da yawa da aka yi wa allurar kashin baya, kuma ba ya nufin kina da wata cuta. Allurar da ke kashe zafi daga ƙirji zuwa ƙafa tana kuma kashe jijiyoyin da ke riƙe da tsukewar hanyoyin jini na ɗan lokaci, ga kuma nauyin mahaifa da ke danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya idan mai ciki ta kwanta rigingine. Tashin zuciyar nan sau da yawa shi ne ke fara sanar da likita tun na'ura ba ta nuna ba. Saboda an san haka za ta faru, likitan sa barci yakan zuƙi maganin a sirinji ya ajiye tun kafin ya taɓa bayanki, ya buɗe ƙarin ruwa, ya kuma ɗan karkata gadon zuwa hagu.

Magunguna biyu aka fi amfani da su. Efedirin shi ne tsohon hannu, wani masani ɗan Japan mai suna Nagai Nagayoshi ya tace shi daga wani tsiro na magungunan gargajiyar Sin a shekarar 1885, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya saboda wannan aiki. Yana matse jijiya yana kuma ƙara saurin zuciya. Na biyu shi ne fenilefirin, wanda matse jijiya kaɗai yake yi, kuma a yau an fi son sa inda ake da shi, domin efedirin yana ratsa mabiyiya fiye da shi, idan kuma an ba da shi da yawa yana iya ƙara tsamin jinin jariri. Amma idan zuciyar uwa ta yi jinkiri, efedirin ne ya fi dacewa. A adadin da ake bayarwa, haɗarin da ke cikin barin jini a ƙasa ya fi na maganin nesa ba kusa ba, domin jariri daga matsin jinin uwarsa yake samun iska.

Idan kin je awon ciki, ki faɗa musu abin da ya faru a karon farko domin a rubuta a katinki, ki kuma faɗa wa likitan sa barci ranar tiyata. Idan kina da hawan jinin masu ciki, wannan ma ya sani, domin adadin da zai ba ki zai ragu.

Tambaya daga wata ɗaliba, Gwiwa

Kullum aka auna ni 95/60 ake samu. Ba na jin komai, amma mai kemis na unguwarmu ya ce ba ni da jini, akwai ƙwayar da zai samo mini ta ɗaga shi.

Amsa

Ɗiyata, kada ki saya. Budurwa marar ƙiba da ke zuwa makaranta ta dawo ba jiri ba suma, awon 95/60 halittarta ce, kuma ba a yi wa lamba magani idan mai lambar lafiyarta lau. Na'urar da ake ɗaurawa a dantse ba ta iya faɗin ko kina da ƙarancin jini, wannan sai an ɗebi jini an gwada, kuma ga macen da ba ta da ciki ana kiran sa ƙaranci ne idan himogulobin ya gaza 12. Idan jinin al'adarki yana da yawa, ko kina saurin gajiya da haki, je ki yi gwajin. Ki riƙa shan ruwa sosai a wannan zafi.

Tambaya daga wani ma'aikacin lafiya a karkara, yankin Gwadabawa

Ranka ya daɗe, da damina mukan samu masu amai da gudawa da ake kawowa jini ya faɗi har ba a jin bugu a hannu. Muna da adirenalin a akwatin gaggawa. Ya halatta in yi musu kafin a samu mota?

Amsa

Abokin aiki, sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka yi. Amsar ita ce a'a. Mai amai da gudawa rijiyarsa ce ta ƙafe, kuma jikinsa ya riga ya matse jijiyoyinsa iyakar matsewa, shi ya sa kake jin hannunsa da sanyi, idanunsa sun faɗa, fatar cikinsa idan ka tsunkula ba ta komawa. Idan ka ƙara masa adirenalin, za ka tilasta wa zuciyar da ba ta da abin turawa ta yi gudu, ka kuma rage ɗan jinin da ke isa ƙoda. Ruwa yake bukata, da sauri. Tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ga wanda ruwan jikinsa ya ƙare sosai shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, irin wanda ake kira ruwan Ringa, mililita 100 ga kowane kilo, kuma ga wanda ya haura shekara ɗaya ana ba da 30 a rabin awa na farko, sauran 70 a awa biyu da rabi. Ga babba mai kilo 60, wannan lita 6 ke nan, kuma kusan lita 2 daga ciki a rabin awan farko, saboda haka ka sa allura mai faɗi, idan ya yiwu a hannu biyu. Da zarar ya iya haɗiya, ka fara ba shi ruwan gishiri da suga. Yaron da ke da tamowa mai tsanani ba a yi masa wannan gudun, tsarinsa daban ne. Haka kuma macen da ke zubar da jini bayan haihuwa, maganinta tsayar da zubar, da oksitosin mai tsuke mahaifa, da ruwa, da jini, da mota.

Inda adirenalin ɗinka yake da aiki shi ne mutumin da aka yi wa allura, ko ƙudan zuma suka harbe shi, ko ya ci wani abu, cikin mintuna jikinsa ya yi borin jini, leɓe da harshe suka kumbura, numfashi ya sarƙe, awo ya faɗi. A nan jijiyoyi ne suka saki, hanyar iska kuma tana rufewa, kuma jinkiri ne ke kisa. Babba ana yi masa miligiram 0.5, wato rabin mililita daga kwalbar da ke da miligiram 1 a mililita 1, a cikin tsokar gefen cinya ta waje, ba a jijiya ba. Yaro kuwa miligiram 0.01 ga kowane kilo, kada ya wuce na babba. Ka kwantar da shi ka ɗaga ƙafafunsa, sai dai idan numfashi ya hana shi kwanciya, kada kuma ka bari ya miƙe tsaye ko da ya ce ya ji sauƙi. Idan bayan minti 5 bai canza ba, ka maimaita, ka sa ruwa, ka tura shi babban asibiti ko da ya warware, domin abin yakan dawo bayan wasu awanni. Ka duba kwanan watan da ke jikin kwalaben yau ɗin nan, ka ajiye su inda rana ba ta kai, duk wanda ruwansa ya sauya launi zuwa ja-ja ko ruwan ƙasa ka fitar da shi daga akwatin.